Taubashi, Wace Hular Ce a Kanka Yau?

Ranka ya daɗe, Sarkin Sheƙa na ƙasar Rano, ɗan kawuna na kaina, gwarzon da bai taɓa faɗuwa zaɓe ba tun da ya fara dangwala ƙuri'a, saboda sai an gama ƙidaya yake sanar da wanda ya zaɓa. Gaisuwa daga Kibiya. Labari ya iso mini cewa kullum bayan isha'i kana teburin mai shayi kana ba wa yara darasin tarihin siyasa, har da bugun ƙirji, wai kai ɗan aƙida ne, jinin Sawaba. Yaran ba su san ka ba. Ni da muka ci tuwo a akushi ɗaya na san ka, don haka bari in taya ka darasin.

Jinin Sawaba kam akwai shi a gidan, amma a jikin kawu yake, Allah ya jiƙansa. Shi ya riƙe katin NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, zamanin da riƙe wannan kati kan sa ɗan doka ya tasa ƙeyar mutum gaban alƙali a ce ya yi wa hakimi rashin kunya. Su da tauraro, NPC ta Sardauna da fartanya. Kai a lokacin ko kaciya ba a yi maka ba. Da aka zo rabon gado, rediyonsa ka ɗauka da surutunsa, aƙidar ka bar wa 'yan uwa.

A 1979 ka dangwala wa mabuɗin PRP, wannan na shaida, don a shekarar duk ƙasar Kano bayan Malam Aminu take, ba wata jarumta ka yi ba. Sai ga rigimar lissafi. Doka ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne. Shagari ya samu a 12, ya zo Kano ya maƙale a kusan kashi 20 cikin ɗari. Awolowo ya ce 13 ake buƙata, ai jiha ba tsire ba ce da za a ce a yanko ta ɗari biyu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, sha biyu da biyu bisa uku ne: a kasa ƙuri'un Kano gida uku, a ɗauki biyu, a duba ko Shagari ya kai rubu'insu. Aka duba, ya kai. Kotun Ƙoli ta amince, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Kafin sati ya zagayo sai ga hoton gida da masara a ƙofar zaurenka, kana gaya wa mutane da ƙuri'arka aka cike lissafin. Kai da Malamin Lissafi ya haƙura da kai tun aji uku! Ni a nawa lissafin, ƙuri'arka tana cikin kason da aka zubar.

Da PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi na Rimi da 'yan taɓo na Malam, kowa ya kama layinsa. Kai da safe santsi, da yamma taɓo. Amma a nan zan ɗan sassauta maka, ɗan kawu, don garinku ma an sha wasa da hankalinsa. Rano, Autan Bawo, ɗaya daga Hausa Bakwai: Rimi ya ɗaga darajar sarautarku, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya sauke. Ganduje ya ba ku sanda mai daraja ta ɗaya a 2019, Abba ya karɓe a 2024, ya dawo muku da mai daraja ta biyu, Rano da Bunkure da mu Kibiya. Allah ya ja zamanin Sarki, ba da shi nake ba, da kai nake. Duk sau huɗun nan an gan ka a sahun gaba kana tafi. Ranar ba da sanda kana nan, ranar karɓe sanda kana nan, da babbar riga ɗaya. Na sani, za ka ce ko an rage muku daraja har gobe mu talakawanku ne. Na ji. Talakan da ya san asirin ubangidansa ai ba abin rainawa ba ne.

Ban taɓa ganin ka cikin tashin hankali irin na zamanin Babangida ba. Mutumin ya ƙera jam'iyyu biyu da kansa a 1989, SDP mai doki da NRC mai mikiya, ya gina musu ofis a kowace ƙaramar hukuma, sannan ya kawo zaɓen ƙato bayan ƙato. Babu labule, babu sirri, kowa ya tsaya a layin gwaninsa a ƙirga shi da rana tsaka. Ina kallon ka a filin firamare. Ka tsaya tsakanin layuka biyu kana gyaran mazagin wando, kana satar kallon wanne ya fi tsawo. Mai ƙidaya ya matso, ka ce fitsari ya matse ka, ka ɗauki butar mai gadi ka zagaya bayan aji. Ba ka fito ba sai da ka ji ihun waɗanda suka ci, ka taho da gudu kana ihun tare da su, butar mutane a hannunka.

Ranar 12 ga Yunin 1993 kuma Kanawa suka yi abin da har yau ake ba da labari: Bashir Tofa ɗan gida, amma Abiola ya kayar da shi a Kano. Ka ɗinka hular doki, aka soke zaɓen. Shi ne karo ɗaya tilo da aka bar ka a tasha babu motar da za ka hau. Abacha ya share maka hawaye da jam'iyyu biyar waɗanda a 1998 duk suka tsayar da mutum ɗaya, har Bola Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu. Kowa na kuka, kai kana ƙiba, don karon farko an yi siyasar da duk inda ka faɗa daidai ne.

Daga 1999 abin ya zama sai dai a bi ka da gudu. Lemar PDP da Obasanjo. Masarar ANPP a 2003, kana ihun "sak" har muryarka ta dishe, Buhari ya ci Kano ya rasa Abuja, Shekarau ya kayar da Kwankwaso. A 2011 Kanawa suka dafa wake da shinkafa, alƙalamin CPC a sama, Kwankwaso na PDP a gwamna, kai kuwa ka ce dama girkinka ke nan tun fil azal. A 2015 tsintsiya ta kwashe ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari tara a jihar nan, ka rantse kai ka fara hango ta. A 2023 Kwankwaso ya samu 997,279 da kwandon kayan marmari, Tinubu 517,341, amma kujerar ta tafi wurin na biyun. Ranar an gan ka a kasuwa da jar hula a ka, wata hular kuma a naɗe cikin aljihun gaba, bakinta na leƙowa.

Wanda yake son tarihin jam'iyyun Najeriya ba sai ya je Gidan Mambayya ba. Ya zo zaurenka da reza ya kankare bango a hankali: fasta kan fasta, kayan marmari, tsintsiya, alƙalami, masara, lema, har ya tarar da mabuɗi manne da jar ƙasa. Ina zargin ma su ne ke riƙe da ginin. Matarmu kuwa, baiwar Allah, ba ta da zanen da babu fuskar ɗan takara a jiki. Ranar suna ta kan ɗaura wanda ya faɗi ta yafa wanda ya ci.

Kada ka kawo mini hujjar cewa manya ma suna yi. Ɗan majalisarmu na tarayya, Kabiru Alhassan Rurum, ya bar APC zuwa NNPP a 2022, ya koma APC a 2025. Shi da kujera ya tafi, da kujera ya dawo. Kai shekara arba'in da ɗoriya kana safa da marwa, ko kansilan Zurgu ba a taɓa yi maka tayi ba. Ribarka taliya, sabulu, da tawada a babban yatsa.

Saura maganar kuɗin sharata. Tun ƙarancin takardun Naira na 2023 kake ce mini babu tsaba, ga shi an yi cika-ciki an sake yi. Ka ba direban Kibiya ya kawo mini, kuma ya zama kuɗi. In ka kuskura ka aiko da taliyar kamfen, makon gobe zan buga labarin ranar da ka je taron jam'iyyu biyu a mota ɗaya.