Wuƙar Gidan Maƙeri

A ƙauyukan Ɗambatta, da hadari ya fara haɗowa, maƙera ta fi ƙofar dagaci cika. Wannan fartanya, wancan garma. Biya kuwa sai kaka, in Allah ya kai mu.

Babban ɗa na zuga, ƙaninsa na miƙa awartaki. Kowa da muƙaminsa.

Uwargida kaɗai ke ƙorafi. Wuƙarta ba ta yanka kuɓewa, sai dai ta lallashe ta.

"Malam, wuƙar nan fa?"

"Gobe, in sha Allahu."

Tun tana amarya ake wannan goben.

Ranar Lahadi ta aika kasuwa aka sayo mata sabuwa. Malam ya jujjuya ta, ya yaba kaifinta, ya gane ƙirarsa. Duk daminar, ita kaɗai aka biya shi lakadan.