Masu Tuƙi a Kan Tudu

Injin tuƙin kwale-kwale aibinsa ɗaya ne: ba ya kifewa. Tun 1981 da wa da ƙani, Dick da Pete Dreissigacker, suka harhaɗa injin kamfanin Concept2 na farko da wilin keke a jihar Vermont ta Amurka, injin a dashe yake a ƙasa. Ka ja sarƙa, farfela ta yi huci, allo ya ba ka lissafi. Kwale-kwalen tsere na mutum ɗaya kuwa tsawonsa ya haura mita 8, nauyinsa wajen kilo 14, faɗinsa da ƙyar yake ɗaukar ɗuwawu. Atishawa ta isa ta kai ka ruwa. Shi ya sa aka ƙirƙiro kayan tangaɗi: matashi mai iska da ake ɗorawa a kujera, katako mai lilo, da ƙarafan da ake aza injin a kai ya riƙa zamiya gaba da baya. Da zuwan kayan nan ɗakin motsa jiki sai halin kowa ya fito fili.

Akwai Alhaji Sayayya. Komai yana da shi, har da famfon hura matashin da jakar famfon. Rabin awa yake yi yana hurawa, ya latsa da babban yatsa, ya rage iska, ya ƙara. Kafin ya zauna lokacin tashi ya yi. Gumin da yake yi na ɗaukar kaya ne daga mota.

Sai Ƙarfi-da-Yaji. Shi a wurinsa lambar da ke gefen farfela sakamakon jarrabawa ce, don haka 10 yake sa ta kullum, alhali matuƙa na gaske a tsakanin 3 da 5 suke barinta. Ya hau matashi, ya ƙanƙame mariƙi, ya fizga da hannu da gadon baya, ƙafafun da su ne ya kamata su yi yawancin aikin suna ta kallo. A ja na uku matashi ya yi gabas, kujera ta yi gaba, shi kuma ya sauka daɓas a kan ƙarfen. Ya miƙe yana karkaɗe wando: "Ai kayan nan jabu ne."

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Sarkin Ruwan Tudu. Bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba, amma tseren Oxford da Cambridge da aka fara tun 1829 yana kansa, kowace kwanar kogin Thames ya san ta. Yakan zauna a kan matashinsa ya lumshe ido yana rangaji, wai yana jin igiyar ruwa. Ka zo wucewa ya tare ka: "Malam, kafaɗarka ta hagu ta karkata. Da a ruwa ne da yanzu ana neman gawarka." Nakan so in tuna masa Hamadou Djibo Issaka na Nijar, wanda ya shiga Olamfik ɗin Landan a 2012 bayan horon wata uku kacal. Na ƙarshe ya zo, mita 2,000 ta ci masa minti 8 da daƙiƙa 39 a ɗaya daga cikin zagayen, amma a cikin kwale-kwalensa ya isa gaci, jama'a na ta sowa. Sarkin namu ko a baho sai ya dafa bango.

Injiniya ba ya sayen komai. Filon ɗaki, ƙwallon da ya sace, tsohon tub na babur, duk ya cusa su ƙarƙashin injin. Na kusa da shi ne ke koyon kauce-kauce.

Akawu kuma idonsa a kan allo yake, a kan lokacin kowace mita 500. Ranar da ya ga matashi ya ƙara masa daƙiƙa biyu, ranar ya jefa shi bayan ƙofa, ya kuma daina gaisawa da wanda ya ba shi shawarar.

A can lungu Tsohon Hannu yake, mutumin da ya yi shekaru a kan kogi. Ba matashi, ba katako. Yakan kwance maɗaurin ƙafa ya yi ta tuƙi a hankali, wanda in jikinka ba a kame yake ba, baya za ka wuntsila. A ganina shi ne da gaskiya: matashi na ƙarfafa ciki da ƙugu, amma abin da ke daidaita kwale-kwale shi ne tsayin hannuwa a kan filafili, wannan kuwa sarƙa ɗaya ba ta koyar da shi. Alhaji Sayayya ya taɓa matsowa ya ce, "Baba, wane iri kake amfani da shi ne?" Tsoho ya nuna masa ƙafafunsa. Alhaji ya sunkuya ya rubuta sunan takalmin.