A Fara Tambayar Tafinta

Mu 'yan layin gyaran kwamfuta akwai mu da wani hali, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayinmu bayan la'asar ya san shi. Da an kawo na'ura tana wani ciwo da ba mu gane kansa ba, kafin mai ita ya rufe baki hannunmu ya kai aljihu ya zaro filashi. Fomatin! A share komai, a sake zubawa. Haka muka tarar da iyayen gidanmu suna yi, haka muke koya wa yaranmu, kuma sau da yawa yana yin magani, shi ya sa ya zauna mana. Amma fa akwai ciwon da ko sau goma ka yi masa fomatin yana nan daram, kuma irinsa ne ya fara yawa a layin nan tun da muka shiga zuba wa mutane Linux.

Ba don ƙwalisa muka shiga ba. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da yawancin laftof 'yan kwatano da ke hannun mutanenmu ba su cika ba. Na'ura lafiyarta ƙalau, mai ita ba shi da kuɗin sabuwa, me za ka ce masa? Sai mu zuba masa Ubuntu, wani nau'in Linux, ya ci gaba da neman abincinsa.

Haka muka yi wa Baba mai hoto, wanda shagonsa ke kwanar layi. Dattijo ne da ya fara sana'a tun zamanin wankin fim, yanzu kuma hoton fasfo da na biki yake gyarawa da GIMP, wadda ɗansa ya koya masa. Kwana uku da karɓar laftof ɗinsa sai ga shi ya dawo, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ɗana, ka duba mini. Ko dai idona ne ya fara tafiya?"

Ya buɗe Firefox, rubutu tar kamar a takarda. Ya buɗe GIMP, komai dishi-dishi, kamar ana kallon gari ta cikin hazon hunturu. Ga wani, wannan ƙaramin abu ne. Ga mai hoto kuwa, ta yaya zai san hoton da ya ɗauka ya fita ko bai fita ba, alhali allon da yake dubawa shi kansa ya yi hazo? Ya ce har ya fara tunanin zuwa asibitin ido.

Nan take layi ya taru, kamar yadda muka saba. Maƙwabcina mai gyaran firinta ya leƙo ya ce, "Oga, sikirin ɗin ne, a sauya masa." Yaron shagona ya riga ya zaro filashi. Wani daga can ya ɗaga murya ya ce dama ya faɗa, Linux ɗin nan ba ta mutane ba ce. Duk cikinmu ba wanda ya tsaya a kan abin da Baba ya nuna mana da hannunsa: allo ɗaya, lokaci ɗaya, taga ɗaya tar, ɗaya dishi-dishi. Lalataccen sikirin ai ba ya zaɓen taga.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, manhaja ba ta zana kanta a allo kai tsaye. Akwai mai allon, shi take roƙa ya buɗe mata taga, shi yake gaya mata an danna nan, an buga harafi kaza. Shekara da shekaru mai allon nan a Linux shi ne X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 kuma, wadda har yau ita ake kira X11, ta fito a 1987. A 2008 Kristian Høgsberg, lokacin yana aiki da Red Hat, ya fara wani sabon tsari mai suna Wayland. Fedora, wani nau'in Linux ɗin, ta mayar da shi na gaba a 2016, Ubuntu ta gwada a 2017 ta janye, sannan ta dawo masa a 2021. To, dubban manhajoji da aka rubuta tun da, yaren X kaɗai suke ji. Shi ya sa aka ajiye musu tafinta, XWayland, wanda ya shigo tun 2014. Tsohuwar manhaja ta yi masa magana da yaren X, shi kuma ya juya ya isar wa Wayland. Idan aiki na tafiya daidai, ba za ka ma san yana wurin ba.

Firefox ta daɗe da koyon sabon yare, tun sigarta ta 121 a ƙarshen 2023 ta daina bi ta tafinta. GIMP 2.10 ta Baba kuwa an gina ta ne a kan GTK 2, wanda bai san Wayland ba ko kaɗan.

Na san wannan a ka, amma na fi so su gani da idonsu. Sai na kunna xeyes. Wata 'yar tsohuwar manhaja ce, idanu biyu ne kawai a kan allo, duk inda kibiyar maus ta je sai su bi ta da kallo. Da yake ita ma 'yar X ce, ba ta ganin kibiyar sai tana kan tagar 'yar'uwarta. Na kai maus kan Firefox, idanu suka ƙafe wuri ɗaya. Na dawo da shi kan GIMP, sai ga su sun farka suna juyawa hagu da dama. Baba ya matso da kujera ya ce in sake. Na sake. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ashe sun san 'yan gidansu!" Wanda ba ya son wasan idanu, umarnin xlsclients zai jero masa sunayen masu bi ta tafinta a rubuce, amma ni ban ga abin da ya kai idanun nan saurin fahimtar da mutum ba.

Saura dalilin hazon, shi kuma a shagonmu aka ƙulla shi, da kyakkyawar niyya. Allon laftof ɗin ƙarami ne mai ƙananan ɗigo, rubutu ya yi wa Baba ƙanana, sai yarona ya ɗaga girman komai zuwa kashi 150 cikin ɗari. Manhajar da ke jin yaren Wayland, an gaya mata girman, ta zana kanta daidai da shi. Wadda ke bayan tafinta kuwa ba ta sami labari ba, ta zana ƙaramin hotonta yadda ta saba, mai allo ya kama shi ya buɗa. Na ce, "Baba, kamar a kawo maka fasfo ne a ce ka mayar da shi na bango." Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Ai sai ya fashe." Mai sana'a ya riga ni ganewa.

Muka mayar da girman allo kashi 100, muka shiga saitin masu raunin gani muka kunna manyan haruffa, sannan a cikin GIMP ɗin muka ƙara girman alamomin kayan aiki. Minti biyar bai cika ba. Masu amfani da teburin KDE ma sun fi mu sauƙi, don tun sigarsa ta Plasma 5.26 akwai wurin da za ka ce a bar tsofaffin manhajoji su girmama kansu da kansu. Na kuma gaya wa Baba cewa GIMP 3.0 ta fito tun Maris 2025 kuma ita tana jin sabon yare. Ya ce a bar shi da wadda hannunsa ya saba da ita tukuna, aikin Sallah na gabansa. Gaskiyarsa ce.

Da ya tafi ne hira ta ɓalle a benci, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce shi wata tsohuwar manhaja ce ya kunna da ikon mai gida, wato sudo, ta ce ba ta ga allo ba, sai ya buga xhost da alamar tarawa, ta buɗe. Wannan ma halinmu ne, kuma yana damuna. Umarnin nan a haka tsirara yana cire binciken wanda ke shigowa gaba ɗaya, alhali ana iya buɗe wa mai gida shi kaɗai idan aka ƙara si:localuser:root a gaba. Garin neman gira kada a rasa ido. Wani kuma ya ce malamin da yake yi wa gyara yana koyarwa ta intanet, idan ya ce zai nuna wa ɗalibai allonsa sai su ga baƙi wuluk. Nan ma ba lalacewa ba ce. A zamanin X, kowace manhaja tana iya leƙen tagar maƙwabciyarta, har ta ji abin da ake bugawa a kibod. Ka tuna mutum nawa ne suke buga lambar sirrin bankinsu a kan na'urorin da muke miƙa musu. Wayland ya toshe wannan da gangan: mai son ɗaukar allo sai ya nemi izini, mai na'ura ya amince. Tsohuwar manhajar da ba ta san neman izini ba, iyakarta abin da tafinta ke gani. Maganin malamin shi ne sabuwar sigar manhajar, ko ya shiga ajin ta burawuza.

Masu buga katin biki da kalanda su ne nasu ya fi wuya, don rayuwarsu na kan manhajojin Windows. Su tafinta biyu ne a jere, Wine ya fassara daga Windows, sannan XWayland ya karɓa. Idan abu ya karkace sai ka fara gano a bakin wanne ya karkace. Ni mai CorelDRAW ba na ɗaukar masa alkawari. Sai na gwada a gabansa, in ta ƙi in gaya masa ta ƙi.

Mai firinta dai bai gamsu ba. Ya ce duk wannan dogon turanci ne, shi a wurin shigar da kalmar sirri yake danna 'yar alamar giya ya zaɓi Xorg, wato tsohon X, magana ta ƙare. Na ce, "Yaya, yau tana yi, ban musa ba." Ubuntu 24.04 tana da wannan ƙofa, kuma za a kula da ita har 2029. Amma a 25.10 an cire ta daga teburin GNOME da Ubuntu ke zuwa da shi, XWayland kaɗai aka bari. Na'urorin da za su riƙa shigo mana nan gaba, ba giyar da za ka danna ka koma gidan jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce in ranar ta zo ma gani, na ce ranar ai ta shigo layi, sai dai ba ta iso shagonsa ba. Muka rabu a haka, kowa da kofinsa.

Washegari Baba ya aiko jikansa da hoton fasfo guda huɗu na yarona, kyauta, sun fita tar. Ya kuma haɗo da saƙo, wai in rubuta masa yadda ake kunno idanun nan a takarda, jikoki sun hana shi sakat tun da ya ba su labari.