Mayaƙan Saman Dakoro

Da zarar an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, karan dawa ya bushe a gonakin da ke kewaye da Dakoro, sai wata masana'anta ta buɗe wadda ba ta da takarda a ofishin magajin gari. Jiragen yaƙi take ƙerawa. Kayan aikinta reza ce, da ƙayar aduwa a madadin ƙusa, da ƙaron dakwara a madadin gam, sai gwangwanin tumatir da tsohon silifas na yanka taya. A Ingila kamfanin Airfix ya fara sayar da ƙananan jiragen roba tun shekarun 1950, a Japan akwai Tamiya, dattawa masu furfura suna saye su harhaɗa, su shafa fenti, su jera a kabad. Mu nan daga gona muke ɗauko namu. Sai dai duk fadar da ake wannan aiki, in ka ƙirga da kyau, za ka tarar bakuna sun fi jirage yawa. Ga ma'aikatan, kowa da halinsa.

Malam Awo

Shi ne wanda ya yi lakwal har lissafi ya shiga jininsa. Ya ji cewa masu wannan sana'a a duniya suna da ma'auni, wanda ya fi yaɗuwa shi ne 1 bisa 72, wato santimita ɗaya a ƙaramin jirgi daidai yake da santimita 72 a babba. Tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. Jirgin Hurricane na Yaƙin Duniya na Biyu faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 12, don haka nasa dole ya tsaya a santimita 17. Abin da ya manta shi ne, karan dawa bai yi lakwal ba. Ya fere, ya auna, ya ga milimita biyu sun tafi, ya yar, ya ɗauki wani. Har damina ta sake faɗuwa, duk abin da ya mallaka fiffike guda ne na dama, wanda ko shakka babu ya fi kowane fiffike daidaito a jihar Maraɗi.

Mai Ido

Abokin gabar Malam Awo ke nan. Takensa shi ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kafin shayi na biyu ya nuna ya gama jirgi. Hancinsa na Mirage ne, irin na Faransawan da suka kwashe kayansu daga Yamai a ƙarshen 2023. Wutsiyarsa ta Sukhoi ce, irin guda biyun da Nijar ta sayo daga Yukren a 2013. A goshi kuma ya liƙa masa farfela, don a ganinsa jirgi babu farfela bai cika jirgi ba.

"Yaya, wannan fiffiken ya fi wancan tsawo."

"Kai ba ka san jirgi ba, ƙanena. Kwana yake sha."

Mai Fenti

Fentin jirgin yaƙi na ɓuya ne. Jiragen Ingila da suka yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya, bayansu ruwan ƙasa ne da ruwan rairayi, cikinsu shuɗi, don wanda ke sama ya ɗauka ƙasa ce, wanda ke ƙasa ya ɗauka sarari ne. Mai Fenti kuwa wajen masu rubutun manyan motoci ya koyi aiki, kuma a wurinsa ɓuya ta matsorata ce. Ja, kore, ruwan ɗorawa, duk ragowar gwangwanin da ya samu sai ya ɗanɗana wa jirgin, sannan ya rubuta a wutsiya: Allah ya kiyaye hanya. Ranar da aka nuna masa a waya hoton jiragen P-40 na runduna ta 112 ta sojan saman Ingila, waɗanda aka zana wa bakin babban kifin teku da haƙora tun 1941, sai ya miƙe tsaye ya ce ashe Turawa ma sun san abin kirki. Tun da bai taɓa ganin kifin ba, nasa jirgin bakin kura ya samu.

Mai Tsufar da Sabo

Wannan ne mutumin da iyalinsa suka fi damuwa da shi. Zai ɓata mako biyu yana gyara jirgi har ya yi sumul, sannan ya zauna ya lalata shi da gangan. Hujjarsa kuwa tana da ƙarfi: jirgin da ya je fagen daga ba ya dawowa da ƙyalli. Hayaƙin inji yana barin baƙin zane a gefen jiki, daga bakin salansa zuwa baya, yadda iska ta ja shi. Fenti yana ɓarewa a gindin fiffike, inda matuƙi da makanikai suke taka takalmi kullum. Bakin bindiga yana yin baƙi, mai yana ɗiga ta ƙarƙashi, rana tana koɗe saman fukafukai fiye da cikinsu. Duk wannan yana son ya fito a abin da bai wuce tafin hannu ba.

A Turai ana sayar da garin tsatsa da na ƙura a ƴan kwalabe, da kuɗi masu nauyi. Shi namu kicin yake shiga. Baƙin gindin tukunya shi ne hayaƙin inji, toka ce koɗewar rana, ruwan ganyen shayi da ya kwana shi ne tsatsa, baƙin man babur kuma yana nan a matsayinsa na baƙin mai. Ƙura kuwa ba ya wahalar nema. Ya ɗora jirgin kan katanga a kwana uku na hunturu, iskar da ke gangarowa daga kwarin Tarka ta yi masa aikin kyauta.

Ciwonsa guda ne, bai san inda ake tsayawa ba. Ya ƙara baƙi, ya ƙara tabo, ya huda ramukan harsashi da allura mai zafi, har jirgin ya koma kamar akwalar motar da ta shekara goma tana jigilar kasuwar Sakabal. Mahaifinsa ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ba shi ne sabon da ka nuna mini jiya ba?"

"Shi ne, Baba. Yanzu ya dawo daga yaƙi."

"To, Allah ya jiƙan direban."

Shehin Fada

Bai taɓa riƙe reza ba, gam bai taɓa taɓa yatsansa ba, amma babu jirgin da zai wuce ta gabansa bai ce "ai ba haka yake ba". Abin haushin shi ne, sau da yawa gaskiyarsa ce. Shi zai gaya maka cewa daga watan Satumba na 1940 Ingilishi suna kawo jiragen Hurricane da Blenheim cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yau, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ta zama Njamena, su ratsa Sudan har Alƙahira, kuma dubban jirage sun bi wannan hanya. Zai ƙara da cewa hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan De Gaulle, Bafaranshen da ke ƙawance da Ingila, a watan Agusta na 1940. Zai ma ja kunnenka cewa Hurricane na hamada yana da wani kumburi a ƙarƙashin hanci, matacin da ke hana rairayi shiga inji, kuma rabin jikinsa na baya ƙyalle ne aka ɗaura kan katako da bututun ƙarfe. Sai ya zo ƙarshe ya ɓata rawarsa da tsalle: wai kakansa yana kiwo ya ga ayarinsu sun ratsa ta kan Dakoro, har wani matuƙi ya ɗaga masa hannu. A lokacin kuwa Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ba ta ga maciji da Ingila, kuma hanyar ta Kano ta bi. Kada ka gaya masa, in dai kana son a ba ka shayi na uku.

Sarkin Tari

Ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanayen madara, na sardin, na Nescafé, murafan kwalba, wayar tsohon keji da silifas marasa aure da za su ishi ƙera rundunar sama sukutum. Bai fara ko ɗaya ba. Kullum saura abu guda ya samu. Ka roƙe shi murfi ɗaya ka ji yadda zumunci ke yankewa.

Sai Ya Tashi

Kowa ya yarda cewa waɗannan jirage na kallo ne, ban da shi. Ya kwance ƙaramin injin tsohuwar rediyo mai kaset, ya ɗaura batir biyu da robar taya, farfela ta juya, yara suka yi sowa. Daga nan ya hau katanga. Nauyin batir ya fi ƙarfin kara, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani, amma yana da yaƙinin cewa laifin iska ne. Shi kaɗai ne a cikinsu jirginsa ke samun raunin yaƙi na gaske, abin da ke sa Mai Tsufar da Sabo kishi a ɓoye.

Inna

Ba ta cikin ma'aikata, amma ita ce ke yanke hukuncin ƙarshe. Duk gardamar awo da fenti da tarihi ba ta shafe ta ba. Abin da ta sani shi ne itace ya yi tsada, magariba ta gabato, ga kuma busasshen kara an fere shi sirara, an ma shafa masa baƙin mai, an ajiye kusa da murhu. Tana da mataimakiya, akuyar gida, wadda ta ƙware wajen cin wutsiya.

"Inna, ina jirgina da na bari nan?"

"Wane jirgi? Ni dai kara na gani. Zo ka ɗauki tuwonka tun da zafi."

Yawancin jiragen yaƙin Dakoro haka suke ƙarewa, kuma matuƙansu sukan cinye tuwon har su nemi ƙari.