Yadda Za Ka Kiwata Tsaka Mai Zanko Ba Tare da An Kore Ka Daga Gida Ba

Kafin ka sayi komai, ka fara shawo kan mutanen gida. A wurinmu tsaka abar jifa da takalmi ce, kuma Hajiya tana da hujjojinta, daga na kakanni har na malamai. Saboda haka kada ka shigo kana cewa ka sayo tsaka. Ka ce baƙuwa ka yi daga Sabuwar Kaledoniya, tsibiran nan da ke ƙarƙashin Faransa a tekun Pasifik, gabas da Ostireliya. Ba ƙarya ka yi ba, nan ne asalinta. In ka ga an fara sauraronka, ka ƙara da cewa wani masani Bafaranshe, Alphonse Guichenot, shi ya fara rubuta bayaninta a 1866, daga baya ta ɓace wa masana har suka yi mata ta'aziyya, sai a 1994 aka sake ganinta tana harkokinta a daji. Waɗanda ake sayarwa yanzu haihuwar gidajen makiyaya ne a Turai da Amurka, don an hana fitar da na dajin.

Masu sayar da ita za su rantse maka cewa babu dabbar da ta fi ta sauƙi ga sabon shiga. Gaskiyarsu, amma a Jamus suke magana. Baiwar Allahn nan tana son ɗaki mai digiri 22 zuwa 26, kuma in zafi ya haura 30 ya daɗe, sai dai ka shirya haƙa rami. Kai kuwa ka san abin da Afrilu ke yi a Sakkwato ko Maraɗi, inda 40 ba labari ba ne. Ke nan sai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai wuta, wutar kuwa ka san halinta, don haka sai sola da batura. Ranar da aka ga yaranka suna fifita a kan tabarma a waje, ita tana ciki tana shan sanyi, ka tanadi amsar da za ka ba surukanka.

Akwatinta na gilashi ne, kuma tsayi ake nema, don a kan bishiya take rayuwa. Santimita 45 faɗi da 60 tsayi ya ishi babba guda. Ka cika shi da rassa da ganye yadda za ta ɓuya, ka kuma yarda cewa da rana ba za ka gan ta ba, sai dare take fitowa. Baƙin da ka gayyato kallo za su tarar da akwatin ganye su tafi suna yi maka addu'a. Kullum da yamma ka fesa ruwa a ciki, amma ka bar shi ya sha iska kafin feshi na gaba. Da hunturu ka ƙara na safe, in ba haka ba tsohuwar fata za ta maƙale mata a yatsu lokacin saɓa. Fatar da ta saɓe kuwa cinyewa take yi, ba ta bar maka shara.

Abinci ne kawai wurin da ta tausaya maka. Akwai garin da ake yi mata na musamman, irin su Repashy da Pangea, ka dama da ruwa kamar kunu ka ajiye da magariba. Sau ɗaya ko biyu a mako ka ba ta gyare da aka barbaɗa wa garin kalsiyam, domin rashinsa na sa ƙashinta ya yi laushi har muƙamuƙi ya lanƙwashe. Kada ka tura yara kamo gyare a bayan gidan da aka yi feshin maganin ƙwari.

Ba ta da fatar ido, duk da zankon da ya zagaye idon ya sa ake zaton tana da gashin ido. In ƙura ta shiga, harshe take zarowa ta lashe ƙwayar idon. Wannan ba shi ne lokacin kiran Hajiya ta zo ta gani ba.

Sai wutsiya. In ta firgita ko aka ja ta, yar da ita take yi, kuma saɓanin tsakar bangonmu, tata ba ta sake fitowa har abada. Ita ko a jikinta, yawancin manyan da ke daji ma guntaye ne. Kai ne za ka yi takaicin kuɗinka. Ka riƙe ta a hankali kusa da ƙasa don tsalle take yi ba sallama, ka wanke hannu bayan nan saboda ƙwayar salmonela. Maza biyu a akwati ɗaya dambe ne. Namiji da mace kuwa, ƙwai biyu-biyu za ka riƙa tona kusan kowane wata a lokacin haihuwa, kuma babu layin masu saye a ƙofarka.

Tana iya kai shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kula. In kai saurayi ne, ka faɗa wa gidan su yarinya tun kafin a yanka sadaki cewa ɗakin da ke da na'urar sanyi akwai mai shi.