Minti Ɗaya Tak

A tashar BBC Radio 4 ta Ingila akwai wani shirin barkwanci, Just a Minute, da ake yi tun 1967. Dokarsa kamar wasan yara: a ba ka batu, ka yi magana daƙiƙa 60 ba inda-inda, ba maimaita kalma, ba sakin hanya. Kana yin tuntuɓe na kusa da kai zai danna ƙararrawa, ya ƙwace maganar, ya haɗa da maki.

Ɗan barkwanci irin Paul Merton ko a jikinsa, bakinsa ba birki. Marubuci kuwa, da ya saba kwana yana goge jimla ɗaya, da ya ja numfashi ya ce "to...", shi ke nan, an karɓe. Amma wanda na fi tausaya wa mawaƙi ne. Bawan Allah da amshi yake cin tuwo, ya faɗi abu sau takwas a yi masa tafi, ga shi an zaunar da shi inda faɗa sau biyu laifi ne.

Nicholas Parsons ya yi alƙalancin wannan rigima sama da shekara 50, ya rasu a 2020 yana da shekara 96.

Malam mai dariya, gwada a gida yau, ka miƙa wa uwargida ƙararrawar.