Ire-iren Masu Saka Boris a Tsofaffin Baburan Ingila

A cikin ayyukan da ake yi wajen sake haɗa injin tsohon babur, babu wanda yake tona asirin halin mutum kamar saka boris ɗin karanshaf. Karanshaf shi ne sandar ƙarfe mai gwiwoyi da ke kwance a ƙasan inji, wadda take karɓar hawa da saukar fistin ta mayar da su juyi. Boris kuwa shi ne mazaunin da sandar take juyawa a cikinsa, ko dai zobba biyu masu ƙwallaye ko 'yan gangunan ƙarfe a tsakaninsu, ko kuma ɓawo mai santsi, wanda makanikai ke kira metal, da babu abin da ya raba shi da sandar sai siririyar shimfiɗar baƙin mai. A baburan Ingila masu fistin biyu, irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959, da BSA A65 na 1962, da Norton Commando na 1967, akwatin injin rabewa yake yi dama da hagu kamar duman da aka fafe, kuma manyan boris ɗin suna zaune ne a cikin ramukan da aka yanka musu a kowane ɓari, ta yadda ba a kai wa gare su sai an kwance komai. Saboda haka kuskuren da aka yi a nan shi ne wanda aka binne a wuri mafi zurfi. Tun da masana'antar BSA ta Small Heath a Birmingham ta daina ƙera babura masu sunan BSA a 1973, ta Triumph da ke Meriden kuma ta rufe a 1983, aikin ya koma hannun masu baburan, galibinsu dattawa, a cikin 'yan ɗakunan katako na bayan gida, kuma a nan ne ire-iren da za a bayyana suke rayuwa.

Na farko, kuma mafi daɗewa a tarihi, shi ne ma'abocin guduma, wanda ya yi imani cewa duk abin da ya ƙi shiga taurin kai ne kawai yake yi. Gaskiyar lamarin ita ce da gangan aka yi ramin ya ɗan fi boris ƙanƙanta, da abin da bai kai kaurin gashin kai ba, domin alminiyum ya riƙe zoben waje ya hana shi juyawa, amma shi wannan bawan Allah yana ɗaukar matsin a matsayin raini. Idan ya doki zoben ciki domin ya tura na waje, ƙarfin dukan yana ratsawa ta cikin ƙwallayen, kowace ƙwallo kuma ta bar ɗan rami a hanyar da take bi. Injiniyoyi sun sa wa wannan lahani sunan Johan August Brinell, ɗan ƙasar Suwidin da ya fito da hanyar gwada taurin ƙarfe a 1900 ta danna masa ƙwallo a auna faɗin ramin da ta bari. Ma'abocin guduma yana maimaita wannan gwaji ne a kan kowace ƙwallo a lokaci guda, ba tare da ya taɓa jin sunan mai shi ba, kuma sakamakon binciken nasa yakan bayyana bayan 'yan makonni a cikin wani gurnani da yake tashi daga ƙasan inji, wanda shi yakan danganta da lalacewar ingancin kayan zamani.

Kishiyarsa shi ne mai gashi, wanda yake da ilimi a bayansa. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake yi, don haka ramin da faɗinsa ya kai milimita 72, kamar na Commando, yakan ƙaru da kimanin milimita 0.16 idan aka ɗaga zafinsa da digiri 100, kuma wannan ya isa boris ya zame da nauyin kansa ya zauna da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Matsalar mai gashi ta gida ce. Wurin da ya fi dacewa a gasa ɓarin akwatin inji, inda zafi zai kama ko'ina daidai, shi ne tandar girkin uwargida, kuma alminiyum ɗin da ya sha baƙin mai shekara hamsin yakan yi gumin wannan mai da zarar ya ji wuta, komai wankin da aka yi masa. Shi ya sa ilimin mai gashi ya kasu kashi biyu, wato sanin zafin da ya dace da sanin ranar da uwargida take zuwa ziyarar 'yar'uwarta. Ana gane shi da safar hannu mai kauri, da tagogin kicin a buɗe a tsakiyar hunturu, da kuma yadda yake tofa yawu a kan ƙarfe ya kasa kunne, domin idan yawun ya yi cuwa ya yi tsalle, zafin ya wuce na tafasar ruwa. Gasasshen naman ranar Lahadi da ya biyo baya yakan fito da ɗan ƙamshin gareji, kuma a kan wannan batu mai gashi ba ya cewa uffan.

Yana da ƙane, mai firiza, wanda yake kwanar da boris tsakanin kifi da wake domin ya tsuke. Lissafi ya nuna cewa sanyin firiza yana rage wa boris mai wannan girma kimanin milimita 0.03 ne kacal, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da tanda take bayarwa, sannan raɓa tana sauka a kan ƙarfen da zarar an fito da shi, amma mai firiza yakan ba da labarin nasarar kamar tandar ba ta halarci wurin ba.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne malamin awo. Ya mallaki maikuromita, wato ma'aunin da yake gane bambancin kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma ya san cewa tazarar da ake so tsakanin metal da gwiwar karanshaf, inda mai zai kwanta, kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na inci ga kowane inci na kaurin gwiwar. Ya san cewa idan gwiwar ta ci, ana kai ta a goge ta a rage mata inci 0.010 ko 0.020, a sayo metal mai kaurin da zai cike gurbin. Yana da Plastigauge, wani zaren roba mai laushi da ake kwantarwa a kan gwiwar, a ɗaure kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da gwiwar, a kansa, a kwance, sannan a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da aka buga a jikin takardarsa. Duk wannan daidai ne, kuma da a nan ya tsaya da babu abin cewa. Sai dai malamin awo ya kuma san cewa ma'aunai an daidaita su ne a kan zafin digiri 20, cewa ɗumin tafin hannu yana buɗa maikuromita, cewa awon safe da na yamma ba sa zama ɗaya a ɗakin katako, kuma daga ranar da ya san haka ya rasa kwanciyar hankali. Yakan auna gwiwa ɗaya a wurare shida, ya rubuta a littafi, ya sayo ma'auni na biyu domin ya binciki na farko, sannan ya rasa wanda zai gaskata a cikinsu. Karanshaf ɗinsa yana naɗe cikin tsumma mai maiƙo a kan kanta, kuma a cikin dukan injunan da aka ambata a nan, nasa ne kaɗai bai taɓa bugawa ba, domin ba a taɓa tayar da shi ba.

Akwai kuma mai aƙidar asali, wanda ba ya yarda da boris sai wanda aka ƙera a zamanin babur ɗin, yana cikin takardarsa mai kakin zuma, da sunan Hoffmann ko Ransome & Marles a jiki, kamfanonin da suka haɗe da Pollard a 1969 suka zama RHP. Ba ya damuwa da cewa babu mai ganin boris bayan an rufe inji, ko cewa ƙarfen da ya shekara hamsin a rumbu mai laima yana iya yin tsatsar da ido ba ya gani. Jarrabawarsa mafi tsanani ita ce Norton Combat na 1972. Karanshaf ɗin wannan inji ba shi da boris a tsakiya, saboda haka yakan ɗan lanƙwashe idan juyi ya yi yawa, gefunan 'yan gangunan boris su riƙa cizon hanyarsu har su lalace tun babur yana sabo, kuma kamfanin bai sami sauƙi ba sai da ya koma ga boris ɗin da ake kira Superblend, wanda aka ɗan sassaƙe bakin gangunansa domin su jure lanƙwasar. Mai aƙidar asali da ya mallaki Combat na farko-farko yana tsaka mai wuya, domin idan ya cika sharaɗin aƙidarsa, to ya mayar wa babur ɗinsa har da cutar da aka haife shi da ita.

Abokin gabarsa shi ne mai gyara wa masana'anta kuskure, wanda aka fi samu a wajen masu BSA A65. A wannan inji, gefen dama na karanshaf yana juyawa ne a cikin bushin, wato hannun riga na ƙarfe mai santsi, kuma ta cikinsa mai yake bi ya shiga sandar, ta yadda idan bushin ya ci, mai yakan tsere tun bai kai gwiwar hagu ba. Mutanen biyu sun shafe shekaru suna jayayya a kan ko a sake bushin a daidaita shi da kyau, ko a yanke akwatin a saka boris mai allurai a shigar da mai ta ƙarshen sandar, kuma kowannensu yana da babur da yake tafiya lafiya, abin da bai rage wa jayayyar zafi ba ko kaɗan.

Mai gam ba ya buƙatar dogon bayani. Ya gano Loctite, ruwan da yake daskarewa idan ya rasa iska a tsakanin ƙarfe biyu, wanda yake da amfani na gaske idan rami ya ɗan saki, sai ya mayar da shi maganin kowace cuta, ya bar wa magajinsa aikin cire abin da ya liƙa. Haka ma ɗan kallo, wanda yake zaune a kan jarka da kofin shayi yana tambaya ko boris ɗin C3 ne, wato mai tazarar ciki da ta ɗan fi ta yau da kullum domin ta shanye matsi da zafi, kuma ko wace amsa aka ba shi sai ya girgiza kai a hankali.

Na ƙarshe ba ya da wata alama da za a gane shi da ita, domin yakan fito daga cikin kowanne daga waɗanda suka gabata, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi su tsabtar aiki. Ya gasa akwati, ya auna gwiwoyi, ya ɗaure kowane noti gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa, amma bai buɗe tarkon datti ba. A cikin karanshaf ɗin Triumph akwai rami mai bututu a ciki, wanda juyin sandar yake wurga dattin mai zuwa bangonsa, kuma tun da yawancin waɗannan injuna ba su zo da matatar takarda ba, dattin shekaru yakan taru a nan ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Murfin ramin an ɗame bakinsa da tsinin ƙarfe domin kada ya kwance, cire shi yana cin rabin yini da fatar yatsu, saboda haka mutum yakan dube shi, ya tuna cewa injin yana tafiya kafin a sauke shi, ya wuce. Sababbin metal ɗin da ya saka a kan gwiwoyin biyu ba su da wata hanyar samun mai sai ta cikin wannan bututu.